Yaya da ƙanwa a littattafan Amish: sirrin da ake tonawa da wanda ake binnewa

A kantunan littattafan Kirista na Amurka akwai wani sashe da kusan duk bangonsa iri ɗaya ne: budurwa sanye da farar hula, bayanta gona da keken doki. Labaran ƙirƙira ne kan al'ummar Amish, Kiristocin da suka ware a Turai a 1693 ƙarƙashin Jakob Ammann, suka yi ƙaura zuwa Pennsylvania a ƙarni na 18. Har yau ba sa ja wutar lantarki ta gwamnati cikin gidajensu, ba sa mallakar mota, yaransu kuma a aji takwas suke ajiye boko, abin da Kotun Ƙolin Amurka ta amince musu da shi a 1972.

Kasuwar ta buɗe sosai ne a 1997 da littafin Beverly Lewis mai suna The Shunning, inda wata budurwa ta tsinci rigar jariri ta alharini a ɓoye a saman ɗaki, daga nan ta gane ba iyayen da suka rene ta ba ne suka haife ta. Tun daga lokacin marubuta suka bi sahu, kuma wani jigo da suke yawan komawa gare shi shi ne yaya da ƙanwa da suka yi shekaru ba sa ga maciji, da wani asiri da uwa ko kaka ta rufe.

Dalilin da ya sa jigon ke kama zuciya ba ɓoyayye ba ne. A wajen Amish, wanda ya karɓi baftisma yana babba sannan ya saɓa wa dokar coci ko ya fita, ana mayar da shi saniyar ware. Ba a cin abinci da shi a tebur ɗaya, ba a karɓar abu daga hannunsa, ba a shiga motarsa, ba a ciniki da shi. To ka ɗauki mata biyu ciki ɗaya, ɗaya ta zauna ɗaya ta fita. Gabar da ke tsakaninsu ba ta fushin zuciya kaɗai ba ce, umarnin bishof ne. Marubuci bai ma buƙatar ƙirƙiro mugu, doka ta riga ta raba gidan.

Inda nake da ja shi ne yadda ake warware ƙullin. Mafi yawan masu rubuta waɗannan littattafai ba Amish ba ne, Kiristoci 'yan bishara ne, masu karatunsu ma galibi mata ne 'yan bishara, kamar yadda Valerie Weaver-Zercher ta nuna a nazarinta na 2013. Shi ya sa sau da yawa jarumar takan sami kwanciyar rai ne ta hanyar bayyana cewa ta tabbata ta sami ceto, alhali Amish na gargajiya suna ganin irin wannan iƙirari girman kai ne, su fata kawai suke yi. Sutura ta Amish ce, aƙidar ta marubuciya ce. Nan ne bambancinsu da littattafan soyayya na Kano, inda mata irin su Balaraba Ramat Yakubu suka rubuta kishi da auren dole daga cikin gidan da suka sani.

Sai kuma shi kansa sirrin. Kusan kullum iri ɗaya ne: ciki ba aure, jaririn da aka bayar riƙo, wasiƙun da aka ɓoye wa mai su. Asiri ne da idan ya tonu za a yi kuka, a rungumi juna, a shiga kicin a yi burodi. Amma a 2020 'yar jarida Sarah McClure ta wallafa binciken da ya gano shari'o'i 52 na lalata da yara a cikin al'ummomin Amish na jihohi bakwai cikin shekaru 20, da yawansu a cikin gida, inda ake matsa wa yarinya ta yafe bayan mai laifin ya yi tuba a gaban coci, an ƙaurace masa na 'yan makonni. A irin wannan gida, ƙanwar da ta kai ƙara wajen 'yan sanda ita ce ake ƙaurace wa, yayar da ta yi shiru ita ce ta gari.

Ba na cewa a daina karanta su, kuma ba duk gidan Amish ne haka ba. Mai neman labari marar batsa da zai tuna mata darajar zumunci za ta samu. Sai dai masu buga littattafan sun san kasuwarsu, sun san mai saye tana son ƙauye mai tsabta da yafiya a babin ƙarshe, don haka labarin 'yan'uwa biyu da sulhunsu zai buƙaci a fara zuwa kotu ba ya cika samun shiga jerin.