Maigida, ka karɓi cokalin nan

Assalamu alaikum 'yan'uwana magidanta, musamman ku matasa da Allah Ya ba ƙaruwa a nan Legas.

A gida Arewa, idan mace ta haihu, aikin namiji sananne ne: itacen wanka, ragon suna, kayan barka, sai kuɗin cefane. Sauran hidimar jariri akwai masu ita. Ga kaka, ga gwaggo, ga matan wa da na ƙane, ga 'yan mata masu rububin goyo. A Agege kuwa, ko Idi-Araba, ko Mile 12, yawancinmu ɗaki ɗaya muke haya a gidan da ba kowa ke jin Hausa ba. Tsohuwar da ta zo wankan jego tana yin arba'in ta hau mota ta koma. Daga ranar sai matarka sai kai. Mun taho Ikko da al'adar cewa reno ba na namiji ba ne, amma ba mu taho da mutanen da suka sa al'adar ta yiwu ba. Giɓin da suka bari, in ba kai ka cike shi ba, yaron ne zai biya.

Inda giɓin nan ya fi bayyana shi ne lokacin da yaro ya cika wata 6. Kafin nan Hukumar Lafiya ta Duniya da ma'aikatan lafiyarmu maganarsu ɗaya ce: nonon uwa zalla, ko ruwa kada a ba shi. Na san zafin Legas yana sa uba ya ji tausayi ya ce a ɗiga masa ruwa, amma shi nonon kansa kusan kashi 88 cikin 100 ruwa ne, kuma ruwa ne da bai bi ta rijiya ko jarkar mai ruwa ba. Wanda ya ga yadda kwalara ta ɓarke a jihar nan a 2024 ba sai an yi masa dogon bayani ba. A waɗannan watanni aikinka shi ne ka ciyar da mai shayarwa ta ƙoshi. Ayar da ta ce uwaye su shayar shekara biyu cikakku, a Suratul Baƙara aya ta 233, ita ce kuma ta ɗora ci da tufafin uwar a wuyan uba.

Daga wata 6 lissafi ya canza. Jariri yana zuwa duniya da ajiyar sinadarin ayon, wanda jiki ke haɗa jini da shi, kuma ajiyar tana raguwa a daidai wannan lokaci. Nono yana nan da amfaninsa har shekara biyu, sai dai shi kaɗai ya daina isa. Za ka ga alama da idonka: yaro ya riƙe wuyansa, yana zama in an tokare shi, yana bin lomarka da kallo, yana miƙa hannu cikin kwanonka. To a nan ne gidaje da yawa ke yin kuskuren da ba ya ihu. Sai a dama koko tsararo, a tace shi tas, a zuba sukari, a ɗura a fida. Cikin yaro ya cika, ya yi barci, kowa ya ce ya ƙoshi. Alhali cikinsa bai wuce ɗan ƙaramin kofin shayi ba, in ka cika shi da ruwan gasara babu sauran wurin abin da zai gina jiki. A haka wata uku za su wuce, yaro bai kwanta ciwo ba, amma sikeli ya tsaya cak. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma abin ya fi tsanani a Arewa maso Yamma, wato yankin da yawancinmu muka fito. Tsumburewar ba a tsawo kaɗai take tsayawa ba, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da aka rasa kafin shekara biyu da wuya a mayar da shi.

Gwajin kunun yaro mai sauƙi ne. Ka ɗebo a cokali ka karkata. In ya zube kamar ruwa, bai yi ba. In ya tsaya yana gangarowa a hankali, ya yi. Sannan kada ya zama gero ko masara zalla. A soya waken suya da gyaɗa sama-sama, a haɗa da gero ko dawa a niƙa tare, shi ne garin da ma'aikatan asibiti ke kira Tom Brown. A kan wannan sai a riƙa ƙara abin da ya samu: dafaffen ƙwai da aka murƙushe, 'yar hanta da ta dahu lugub, kifi da aka tsince ƙayarsa da kyau, garin jatan lande, alala, wake da aka cire wa ɓawo, kabewa, dankalin Hausa, alayyahu ko zogale ko ganyen ugu, da ɗan cokalin manja. Ayaba da gwanda da fiya ba sa ma buƙatar wuta, murƙushewa kawai za a yi.

Ku duba wannan jerin da kyau, wa ke riƙe da kayan nan a garin nan? Mu ne. Motocin kayan gwari a Mile 12 suke sauke kaya, mahautar Oko-Oba a Agege take, hatsi da wake da gyaɗa daga garuruwanmu suke zuwa. Abin takaici ne mutumin da ya yini yana auna wa wasu wake, ko yana yanka wa wasu hanta, ya dawo gida da biskit da lemon kwalba a matsayin tsarabar ɗan wata takwas. Wani kuma gani yake in bai sayi abincin gwangwani mai hoton jariri ba, bai cika uba ba, sai ya sayi gwangwani ɗaya a riƙa tsinka shi da ruwa don ya kai ƙarshen wata. Ƙwai ɗaya a rana ya fi wannan tsinkakken abu nesa ba kusa ba. Kai ne mai cefane, don haka kai ne mai yanke abin da zai shiga cikin yaron nan tun daga kasuwa.

Yawan abincin ma ba wani abin tsoro ba ne. Daga wata 6 zuwa 8, sau biyu ko uku a rana, a fara da babban cokali biyu ko uku, a riƙa ƙarawa har ya kai rabin kofi. Daga wata 9, sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani, kuma a daina niƙewa sumul, a bar masa abin da zai ɗauka da yatsunsa. In ya shekara, abincin gida zai ci, a rage masa yaji kawai. Duk wannan tare da nono.

Akwai abubuwan da za ka hana ko da ran wani zai ɓaci. Na farko zuma. Ba wanda ke jayayya da falalarta, amma kafin yaro ya cika shekara tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke tsira a hanjin jariri ta fitar da dafi, jikinsa ya saki, ya kasa tsotso, har numfashi ya gagare shi. Hanjin babba yana iya wa ƙwayar, na jariri bai kai ba. Sai shayi: baba na kurɓa, ya miƙa wa yaro kofin, kowa na dariya, alhali ganyen shayi yana hana jiki tsotse ayon ɗin da muke nema masa. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano da sukari, a ɗebi nasa kafin a zuba. Gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, aya, alewa, guntun nama mai tauri, duk abin shaƙewa ne. Da yake wuta ba ta da tabbas, kunun da aka dama da safe ba a ajiye shi a ba shi da la'asar, a dama kaɗan-kaɗan. A yi amfani da kofi da cokali, don fida wuyar wankewa gare ta, kuma gudawar da muke ɗora wa haƙori sau da yawa daga nan take.

Yanzu ga abin da ya fi kawo ni. Abinci ɗaya a rana, ka karɓi cokalin da hannunka.

Na san yadda ranar ɗan Legas take. Fita kafin gari ya waye don gudun cunkoso, dawowa bayan isha jiki duk ya mutu. Gwamnatin Legas ta ba ma'aikatanta maza hutun haihuwa na kwana 10 tun 2014, ta tarayya ta amince da kwana 14 a 2021, amma mai shayi da maigadi da ɗan canji da direban tirela a Apapa ba wanda zai sa musu hannu a takardar hutu. Duk da haka minti goma sha biyar ba su gagara. In ba a samu da safe bayan an dawo masallaci ba, akwai Lahadi, ranar da kasuwa ke lafawa.

Ka wanke hannunka da nasa da sabulu. Ka ajiye waya, ka kashe talabijin. Ka zaunar da shi a cinyarka, bayansa a miƙe, yana ganin fuskarka. Ka yi bismilla a bayyane, ka ɗebo kaɗan a bakin cokali, ka kai kusa da leɓensa ka jira. Zai kalli cokalin, ya kalle ka, wataƙila ya damƙe gemunka. In ya buɗe baki ka sa. Rabi zai dawo ta haɓa, sauran ya shafa a rigarka, wani lokacin ya yamutsa fuska kamar an ba shi maɗaci. Ba ƙi ya yi ba, sabon abu ne, kuma akwai abincin da sai an gwada masa sau takwas ko goma a ranaku daban-daban kafin ya karɓa. Ka riƙa yi masa magana: ga kabewa, ga kifi, ha bakin, madalla da babban mutum. Yana jin Yarbanci da Turancin buroka a tsakar gida duk yini, to Hausar da zai tashi da ita a irin wannan zama take shiga kunnensa. In ya kau da kai ya rufe baki gam, ya ƙoshi, ka ƙyale shi.

Wannan ya kawo mu maganar ɗura. A kwantar da yaro a cinya, a toshe masa hanci, a kwarara masa kunu yana shure-shure. Iyayenmu sun yi, maƙwabtanmu a nan ma suna yi, kuma da kyakkyawar niyya. Amma kunun yana iya bin hanyar iska ya faɗa huhu, kuma yaron da aka saba yi wa haka yana ganin kwano zai fara kuka. Idan mahaifiyarka ta bugo waya ta ce ku ɗura masa, mu ma haka muka rene ku, ba sai ka yi musu da ita ba. Ka ce: to Inna, Allah Ya ƙara girma, yana ci da cokali yanzu, in ya ƙi za mu sake gwadawa anjima. Matarka ba za ta iya faɗa wa mahaifiyarka haka ba, kai ne za ka tsaya mata.

Tunda kai za ka riƙa ciyarwa, ka san bambancin ƙwarewa da shaƙewa. Yaron da ke tari, fuska ta yi ja, yana fitar da sauti, jikinsa na aikinsa, ka bar shi ya fitar, kada ka zura yatsa kana lalube. Wanda ya yi shiru, ba kuka ba tari, leɓe ya fara canza launi, shi ne abin gaggawa. Ka kifa shi a kan damtsenka, kansa ƙasa da ƙirjinsa, ka tallafe haɓarsa, ka buga tsakanin kafaɗunsa sau biyar da tushen tafin hannu. In bai fito ba ka juya shi rigingine ka danna tsakiyar ƙirji sau biyar, ka ci gaba da haka wani na neman abin hawa zuwa asibiti. Ka roƙi ma'aikaciyar jinya ta nuna maka a aikace.

A majalisa za a ce ka zama mijin-ta-ce, wani kuma zai kawo maganar kunyar ɗan fari. Kunya ado ce a gaban surukai, amma cikin ɗakinka wa kake jin kunya? Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Da Aƙra'u ɗan Habis ya gan shi yana sumbatar Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Da yawanmu mun tashi muna jin sallamar baba mu nutsu kamar ruwa ya cinye mu, yau kuma muna mamakin yadda muka kasa zama da shi mu yi hira ta minti biyar.

Ranar awo ma ka raka su, ko sau ɗaya a wata biyu. A wata 9 akwai allurar ƙyanda da ta shawara, daga wata 6 kuma ana ɗiga bitamin A duk bayan wata shida. Ka karɓi katin ka ce a nuna maka layin nauyinsa: yana hawa ne, ko ya kwanta? In gudawa ta kama shi, ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc, a ci gaba da nono da abinci, ba a dakatarwa. In ya ƙi tsotso gaba ɗaya, ko ido ya faɗa, ko ƙafa ta kumbura, ba zancen mai kemis ba ne, asibiti za ku nufa a ranar.

Ku kuma da iyalinku ke can gida, Kano ko Sakkwato ko Katsina, kuna nan kuna nema, ba ku fita daga maganar ba. In ka kira, kada ka tsaya a ya yara, lafiya lau. Ka tambayi me ya ci yau, sau nawa, da me aka haɗa kunun. In za ka tura kuɗi ka ware wani abu ka ce wannan na ƙwai da kifin yaro ne, kada a taɓa. In kiran bidiyo ya samu, ka ce a kira ka lokacin da ake ba shi abinci.