Khadi: Indiya ta riƙe sunan, ta saki mai kaɗi

A Disambar 2021 gwamnatin Indiya ta gyara ƙa'idar tutar ƙasa, ta halatta tutar foliyesta ta inji. Kafin nan doka ta ce sai khadi, wato yadin da aka kaɗa zarensa da hannu, aka saƙa da hannu. Matan da ke ɗinka tuta a Hubballi, jihar Karnataka, su suka fara ji a jikinsu. A ganina wannan gyara kuskure ne.

Abin da ya ɗaga khadi tun farko lissafi ne. Audugar Indiya na tafiya masaƙun Lancashire a Ingila, ta dawo yadi, talaka ya saya. Mahatma Gandhi, jagoran neman 'yancin Indiya, ya ce a datse hanyar daga tsakiya. A 1921 aka cinna wa tulin kayan waje wuta a Bombay, a 1925 aka kafa ƙungiyar masu kaɗi ta ƙasa, har jam'iyyar Congress ta taɓa karɓar zare yadi 2,000 a wata a matsayin kuɗin ƙungiya. Keken kaɗi, charkha, ya hau tutar jam'iyyar, sai a 1947 ƙafar Ashoka, wato alamar nan mai kama da ƙafar keke, ta maye gurbinsa a tutar ƙasa.

Wanda ya taɓa ganin tsohuwa da mazari ya san aikin. A gurje auduga a fitar da angurya, a shiɓe ta da baka, a naɗe sutu, sannan a ja zare ana murzawa. Shiɓa in ba ta yi kyau ba, zaren ya fito da ƙulli-ƙulli. Murɗi in ya yi kaɗan, zaren tsaye ya riƙa tsinkewa a masaƙa, shi ya sa ake jiƙa shi da ruwan shinkafa ya yi ƙwari. In ya yi yawa kuma, ya cukurkuɗe. Audugar gargajiya ta Indiya gajeren gashi gare ta, hannu ya fi inji lallaɓa ta. Kuma kaɗin mata da yawa ne ke ciyar da masaƙi guda, nan ne kuɗin ke ratsa gidajen ƙauye lokacin da babu aikin gona.

Masu suka na da hujja. Marubucin Indiya Rabindranath Tagore ya soki mayar da keken kaɗi tamkar ibada tun 1925, kuma ladan kaɗi bai taka kara ya karya ba. Da Gandhi ya dage a ƙara wa masu kaɗi lada a 1935, yadin ya yi tsada, ciniki ya ja baya. Khadi ba zai taɓa kai yadin inji araha ba.

To amma saboda haka ne yake buƙatar mai saye na dindindin, kuma tuta ce wannan kasuwar. Hukumar khadi da aka kafa a 1957 na tallata rigunan 'yan birni da sabulu da zuma ƙarƙashin sunan, alhali kasuwa guda da doka ta keɓe wa mai kaɗi an buɗe ta ga masana'antu.