Samari, ku bar wa mata banɗakinsu

Ranar Talata a wata tashar mota a nan Bauchi na ga abin da har yanzu yake ci mini rai. Wata baiwar Allah, goyo a baya, buta a hannu, ta daɗe tsaye can nesa da banɗaki. An rubuta "Mata" ɓaro-ɓaro a ƙofar, amma samari ne ke shiga suna fita, wai na maza ya cika. Wasu uku kuma sun kafa benci daidai bakin ƙofar suna latsa waya. Da ta gaji ta ajiye butar ta koma mota, ga tafiyar Gombe wajen kilomita 150 a gabanta.

Haba 'yan'uwana! Kai in ya matse ka sai ka sami bango ka tsuguna, an wuce wurin (shi ma abin kunya ne, dubi yadda muka mayar da katangar makarantu da bayan masallatai). Ita fa? Tana buƙatar ƙyaure mai sakata, da ruwa, da inda za ta jefa audugar mata in tana al'ada. Shi ya sa da yawansu ba sa shan ruwa in za su fita. Mace ta wuni tana riƙe fitsari, gobe a ji ciwon mara, don hanyar fitsarinta gajera ce, ƙwayar cuta ba ta da wuyar isa mafitsara. Ɗaliba kuwa gara ta zauna a gida kwanakin al'adarta da ta shiga banɗaki ɗaya da maza suna buga mata ƙofa.

Amma kai ka shige nata, ka ɓata shi, ka fito kana gyara wando a gabanta. Wani har leƙe yake yi ta kafar kwano! In ƙanwarka ce fa? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ƙananan hukumomin Dass da Warji na jihar Bauchi sun yi suna wajen daina bahaya a fili, duk 19 ga Nuwamba kuma ana ta jawabin ranar banɗaki ta duniya. To ina amfanin gini in mai shi ba ta iya shiga? A gyara, don Allah.

Da muna yara, namiji baligi ba ya wuce zaure sai an yi masa iso. In mace ta ɗauki buta, dattijo da kansa yake tashi daga wurin ya kau da kai, mu yara a kore mu. Ran nan a tasha akwai masu furfura a zaune, ko ɗaya bai ce uffan ba.