Kakin 'yan sa-kai ya bambanta da na soja

Masu cewa a ɗinka wa 'yan sa-kan jihohi kaki irin na soja don a riƙa shakkarsu, gaskiya ban bi ku ba. Mu nan Zariya ga Depot, sansanin horar da sababbin sojoji, a gabanmu, sai yaro ya sha watanni yana horo kafin ya sa wannan kakin. Ina dalilin a ba da irinsa ga wanda ya yi horon 'yan makonni? Kuma 'yan bindigar da ke addabar Giwa da Birnin Gwari sau da yawa cikin kakin soja suke zuwa, mutumin ƙauye ya rasa wa zai guje wa. KADVS ɗinmu, wato rundunar 'yan sa-kan Jihar Kaduna, da Askarawan Zamfara na 2024, kowa ya riƙe launinsa, a rubuta suna da lamba a ƙirji. In ɗayansu ya mari ɗan acaɓa a Ƙofar Doka, a san wanda za a kai ƙara.