Don Allah idan ina ƙirga kuɗi a bar ni in ji da abu ɗaya

Shekara shida ke nan ina zaune a bayan gilashin kanta a banki, kuma wallahi dogon layi da ɗaukewar netwok ba su taɓa ƙona mini rai kamar masu surutu ba.

Jiya wani dattijo ya kawo ajiya. Kuɗin a cukurkuɗe, wasu sun tsufa har inji yana tofar da su, dole na koma ƙirgawa da hannu. Ina kan 63 sai ya jingina da kanta ya ce, "Ɗana, ka san abin da surukina ya yi mini kuwa?" Na ce, "Baba, yi haƙuri in gama tukuna." Ya ce to. Numfashi biyu ya ja, ya ɗora daga inda ya tsaya. Kuma labarin cike da lambobi: shekara 40 suna tare, jikoki 12, bashin wata 7. Kai kana ƙirga, wani yana zuba maka lambobi a kunne! Bandir ɗaya, takarda 100 kacal, sau uku ina komawa farko.

Shi fa zai tafi gida ya yi barcinsa. Ni kuwa idan an rufe ƙofa, sai kuɗin da ke cikin durowata sun yi daidai da abin da kwamfuta ta nuna. In aka samu giɓi, ba inda za ni, sai an bi takardun ranar ɗaya bayan ɗaya. In ba a gano ba, sunana za a rubuta, ni zan amsa tambaya, galibi ni zan cike daga albashina. Sifiri ɗaya na ƙara bisa kuskure na shiga uku. Ga duba sa hannu, ga katin shaida, ga tabbatar da adadin da aka rubuta da kalmomi ya dace da na lamba. Duk da wane kan zan yi, alhali ana ba ni tarihin suruki?

Abin haushin, na bayansa ba shi suke harara ba. Ni suke ja wa tsaki, wai ma'aikacin nan nawa gare shi. In kuma na kuskura na ce "Alhaji, akwai mutane a bayanka", sai a wuce ofishin manaja a ce na yi rashin kunya. Haka zan ci gaba da murmushin dole, raina na tafasa.

Kada ma a zo kan masu faɗin adadin da suka cira da ƙarfi, kowa a zauren yana ji, sannan su fita titi da jaka a hammata.

Na dai buga wa Baba hatimi, na miƙa masa rasit da hannu biyu, na ce a sauka lafiya. Har na kira na gaba, sai ga shi ya dawo ya leƙo ta gilashi: "Af, ɗana, ai ban faɗa maka yadda muka ƙare ba."