Daga Alau zuwa Mokwa: gwamnati na rabon shinkafa, ta bar aikin da ita kaɗai za ta iya

A daren Litinin 9 ga Satumba 2024, wayewar garin Talata, ruwan madatsar Alau ya ɓalle ya bi kogin Ngadda ya afka wa Maiduguri mutane suna barci. Kafin rana ta ɗaga, Gwange da Fori da Gamboru da Bulabulin sun nutse, ruwa ya shiga fadar Shehun Borno, ya cika Kasuwar Monday, ya mamaye Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Fursunoni 281 sun tsere bayan katangar gidan yari ta faɗi, mafi yawan dabbobin gidan ajiyar namun daji na Sanda Kyarimi sun mutu, kuma Gwamna Babagana Zulum da kansa ya ce bala'in ya shafi mutum kusan miliyan ɗaya. Waɗanda suka fara isa ga masu neman ceto a waɗannan sa'o'i na farko maƙwabtansu ne: masunta da kwalekwalensu, direbobin manyan motoci, 'yan sa-kai, da samarin unguwa da suka riƙa kutsawa cikin ruwa suna goyo tsofaffi da ƙananan yara. Sojoji da jami'an hukumomin agaji sun shigo da jiragen ruwa da motocinsu, sun kuma ceci ɗimbin mutane, wannan ba abin musu ba ne. Amma a garin da kusan rabinsa ke cikin ruwa, hannun da ya fi kusa shi ne ya fara kamo wanda ke nutsewa.

Tun daga lokacin ake ta yabon jarumtar jama'a, kuma yabon ya dace. Unguwannin da ke kan tudu sun buɗe ƙofofinsu, gidan da ke ɗauke da mutum goma ya karɓi talatin, mata sun ɗora manyan tukwane suna aika abinci sansanoni, masallatai da majami'u sun tara gudummawa, matasa sun yi amfani da WhatsApp da Facebook wajen haɗa iyaye da 'ya'yansu da suka ɓace. Attajirai ma sun miƙo hannu. Marigayi Alhaji Aminu Dantata kaɗai ya bayar da naira biliyan 1.5. Abin da ke damuna shi ne yadda wannan yabo yake zama labule. Idan aka tsaya ana jinjina wa wanda ya yi ceto, sau da yawa sai a manta da tambayar da ta fi muhimmanci, wato me ya sa aka kai ga buƙatar ceton tun da fari.

A ganina, hanya mafi adalci ta kwatanta jama'a da gwamnati ita ce a duba lokaci: abin da kowa ya yi kafin ruwa ya zo, da lokacin da yake zuba, da bayan ya janye. Jama'a sun fi ƙarfi a tsakiya, domin su ne a wurin, su ne suka san ɗakin da makaho ke kwana da gidan da mai jego take. Bayan ruwa ya janye kuwa, kowa yana da abin da zai iya. Amma kafin ruwa ya zo, kusan dukkan nauyin yana wuyan hukuma, domin babu wata ƙungiyar unguwa da za ta iya gyara madatsar ruwa, ko ta auna yawan ruwan da ke tahowa daga tsaunukan Mandara, ko ta hana a yanka filaye a kan hanyar ruwa. Abin takaicin shi ne gwamnatocinmu sun juya wannan tsari baibai. Sun ƙware a aikin bayan ɓarna, wato ziyarar jaje da rabon buhunan shinkafa da tabarmi, aikin da jama'a suka fi su iyawa da sauri, sun kuma yi sakaci da aikin rigakafi wanda babu mai iya yin sa sai su.

Madatsar Alau ta isa shaida. An kammala ta a 1986 domin noman rani da samar wa Maiduguri ruwan sha, tana kuma ƙarƙashin kulawar hukumar raya yankin Tafkin Chadi ta gwamnatin tarayya. A Satumban 1994 ta taɓa jawo wa birnin mummunar ambaliya, ke nan an yi shekara 30 cif da sanin haɗarin da ke tattare da ita. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye da ita sun daɗe suna kokawa kan lalacewarta, 'yan jarida kuma sun binciko cewa an sha ware kuɗin gyaranta a kasafin shekaru daban-daban. 'Yan kwanaki kafin bala'in, jami'an gwamnatin jihar sun ziyarci wurin suka shaida wa jama'a cewa madatsar ba ta fashe ba, a kwantar da hankali. Bayan ruwa ya ci gari, Ministan Albarkatun Ruwa Joseph Utsev ya fito ya ce madatsar ba rushewa ta yi ba, cika ta yi ta tumbatsa saboda sauyin yanayi. Sauyin yanayi gaskiya ne, ruwan saman 2024 ya yi yawa a ɗaukacin yankin Sahel, daga Chadi har Nijar inda fiye da mutum 300 suka rasu, tsohon masallacin Damagaram mai tarihi ya rushe, aka kuma ɗage komawa makaranta. Sai dai wannan hujja ce ta ƙara kula da madatsar, ba ta wanke hannu ba. Ga magidancin da ya rasa 'ya'yansa a Gwange, bambancin rushewa da tumbatsa bai rage masa komai ba.

Daga bisani kuma sai kuɗi suka fara kwarara. Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya isa garin a ranar da abin ya faru, Shugaba Bola Tinubu ya biyo baya ranar 16 ga wata ya yi alkawarin kafa asusun tallafa wa waɗanda bala'o'i suka shafa, an bai wa kowace jiha naira biliyan 3, an sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da aka rufe a 2021. A farkon 2025 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina madatsar da inganta ta. Ban raina ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai ba, kuma gwamnatin Borno ta raba kuɗi da kayan abinci ga dubban gidaje. Amma duk mai hankali zai tambaya nawa ne daga cikin wannan biliyan 80 zai isa gyara da an yi shi a kan kari, da kuma rayuka nawa gyaran zai tsare.

Ba a cika shekara ba sai ga Mokwa a Jihar Neja. Da asubahin 29 ga Mayu 2025 ruwa ya share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, ya tafi da gidaje da mutanen cikinsu, har da almajirai masu yawa da ke kwance a makarantarsu. Gawarwakin da aka tabbatar sun haura 200, ɗaruruwa kuma ba a gan su ba. Mazauna garin sun bayyana cewa ruwan ya daɗe yana taruwa a bayan tudun tsohon layin dogo, wanda magudanansa suka toshe, har ranar da ya fi ƙarfin tudun. A nan ma mutanen gari ne suka riƙa tono 'yan uwansu daga cikin laka da ɓaraguzai da shebur da hannu, su ne suka bi bakin rafi suna neman gawarwaki, su ne suka yi wanka da sutura da jana'iza. Gwamnatin tarayya ta sanar da naira biliyan 2 da tirela 20 na abinci. Buɗe toshewar kwalbati ba zai ci ko kusa da haka ba.

Kada a ɗauka cewa hukumomi ba su san abin da ke tafe ba. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar kula da koguna ta NIHSA kuma tana fitar da jerin wuraren da ke cikin haɗari. A 2024 ta lissafa ƙananan hukumomi 148 a jihohi 31. Matsalar ita ce gargaɗin yana ƙarewa ne a ɗakin taro a Abuja da shafukan jaridun Turanci. Ba ya isa ga bulama ko mai unguwa da harshen da mutanensa ke ji, ba ya faɗa wa mutum ranar da zai tashi, balle inda zai nufa da iyalinsa da awakinsa da hatsinsa. Cewa talaka ya koma kan tudu ba tare da an tanadar masa wurin zama ba, magana ce da ba za ta yi aiki ba, kuma idan ya ƙi tashi bai kamata a kira shi mai taurin kai ba. An kafa hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, a 1999, tsarin ƙasa ya tanadi hukumomin agaji a jihohi da kwamitoci a ƙananan hukumomi, amma a mafi yawan wurare waɗannan kwamitoci suna nan a takarda kawai. Haka kuma akwai asusun kula da muhalli da aka kafa tun 1981, wanda tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓar kasonsu daga cikinsa, amma da wuya a sami jihar da ta taɓa fitowa ta yi wa jama'arta bayani dalla-dalla kan inda kuɗin ya shiga.

Misali mafi tsufa shi ne na kogin Binuwai. Kamaru ta kammala madatsar Lagdo a 1982, da fahimtar cewa Nijeriya za ta gina tata a Dasin Hausa cikin Jihar Adamawa domin tare ruwan da za a riƙa saki. Fiye da shekara 40 ke nan ba a gina ta ba. A 2012 ambaliyar da sakin ruwan Lagdo ya ƙara wa ƙarfi ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan 2 da muhallansu, a 2022 kuma mamatan sun haura 600.

Jama'a ma suna da nasu laifin, kuma rashin faɗinsa zai zama son kai. Muna zuba shara a magudanan ruwa, muna cike kududdufan da kakanninmu suka bari domin su riƙe ruwan damina mu yi gini a kai, muna sayen fili a bakin rafi saboda araha. Taimakon jama'a kuma yana da iyaka: yakan yi zafi a makon farko ya huce a na uku, yakan fi isa ga wanda ke da dangi da sanayya, yakan tsallake baƙo da ɗan gudun hijira da almajiri. Sai dai ko a nan dole a tambaya wane ne ya sa hannu a takardar filin da ke kan hanyar ruwa, kuma ina motar kwashe shara da ya kamata ta zo. Inda hukuma ta janye, ba abin mamaki ba ne kowa ya yi abin da ya ga zai fisshe shi.

Akwai wurin da jama'a suka nuna cewa har a aikin rigakafi suna da rawar takawa. A Haɗejiya da garuruwan da ke bin kogin, irin su Auyo da Kafin Hausa da Guri, duk lokacin da ruwa ya cika bayan an saki na madatsun Tiga da Challawa, sai a fito aikin gayya a yi jinga da buhunan ƙasa, samari su kwana suna gadin ta da tocila don kada ta ɓalle. Wannan aiki ya sha tsare garin Haɗejiya. Amma su kansu masu yin jingar za su faɗa maka cewa buhun ƙasa ba zai yashe kogin da ciyawar kacala da yashi suka toshe ba. Wannan sai manyan injuna da kuɗin gwamnati. Ƙoƙarinsu yana saya wa gari lokaci ne kawai, daga wannan damina zuwa waccan.

Ƙasar da ta fi burge ni a wannan fanni ita ce Bangladesh. A 1970 guguwar Bhola ta kashe aƙalla mutum 300,000 a gaɓar tekunta. Bayan shekara biyu aka kafa shirin ko-ta-kwana na guguwa, wanda gwamnati da ƙungiyar Red Crescent ke tafiyar da shi tare, kuma a yau yana da 'yan sa-kai fiye da 70,000, kusan rabinsu mata, dukkansu 'yan ƙauyukan da suke yi wa aiki. Gwamnati ce ke hasashen yanayi da gina matsugunan fakewa masu bene, waɗanda a sauran lokuta makarantu ne. 'Yan sa-kai kuma su ne ke ɗaga tutocin gargaɗi, su bi gida-gida da lasifika, su raka tsofaffi da masu ciki zuwa mafaka. Da guguwar Amphan ta zo a Mayun 2020, an kwashe fiye da mutum miliyan 2 kafin ta iso, waɗanda suka rasu a ƙasar kuma 'yan gommai ne. Ba a bar jama'a su kaɗai ba, ba a kuma ture su gefe ba. An ba su horo da kayan aiki da saƙo sahihi a kan lokaci.

Muna da abin da za mu gina irin wannan a kai. Muna da masu unguwanni da dagatai da bulamomi, muna da 'yan agajin ƙungiyoyin addini da ke da horo da ɗa'a, muna da ƙungiyoyin masunta da na direbobi, muna da gidajen rediyo da ake saurare a kowane lungu. Abin da ya rage shi ne kowace ƙaramar hukuma da ke cikin jerin NIHSA ta yi rajistar waɗannan mutane kafin damina, ta ba su rigunan ceto da igiyoyi da lasifika, ta ware makaranta ko fili a kan tudu da kowa ya san nan zai nufa, ta kuma sanya mutum ɗaya sananne da alhakin busa ƙahon tashi yake wuyansa. Ita kuma gwamnatin tarayya, wadda bayan Alau ta kafa kwamitin duba lafiyar madatsun ruwan ƙasar nan, ya wajaba ta buga sakamakon kowace madatsa a fili, da Hausa da Kanuri da Fulatanci da Nufanci, domin mutanen da ke kwana a ƙarƙashin Tiga da Goronyo da Bakolori da Daɗin Kowa su san halin da ganuwar da ke samansu take ciki, su kuma san ofishin da za su tuhuma idan an ware kuɗin gyara ba a yi ba.