Gidan Abincin Iyali a Italiya da Mai Tuwon Unguwarmu

Bahaushen da zama ya kawo Italiya, in yana son sanin abin da mutanen ƙasar suke ci da gaske, kada ya nufi manyan gidajen nan na bakin dandali masu hotunan abinci a ƙofa da yaro a tsaye yana kiran masu wucewa. Lungu zai shiga ya nemi abin da suke kira trattoria: ɗan gida mai tebur goma ko sha biyar, uwa ko uba a kicin, ɗa yana kai abinci, 'yar'uwarsa tana karɓar kuɗi. A ganina wannan gida da rumfar Hajiya mai tuwo ta unguwarmu uwa ɗaya uba ɗaya suke. Abin da ya raba su shi ne su sun riƙe nasu da daraja, mu kuma namu sai mu riƙa ɓoye shi in mun yi baƙo.

Abu na farko da ke kayar da baƙo shi ne lokaci. Abincin rana daga wajen 12:30 ne zuwa 2:30, daga nan a kashe wuta. Na dare ba ya farawa sai 7:30, a kudancin ƙasar ma ya fi haka jinkiri. Wanda ya zo ƙarfe biyar na yamma ƙofa a rufe zai tarar. Yawancinsu suna da rana ɗaya a mako da ba sa buɗewa, kuma a watan Agusta, wajen bikinsu na ranar 15 ga wata, gidaje da dama kan rufe na mako biyu ko fiye. Daren Juma'a da Asabar da ranar Lahadi kuwa a buga waya a kama tebur tun da wuri.

Abincin ma bi-da-bi yake zuwa, ba a haɗa shi a faranti ɗaya kamar yadda muke zuba shinkafa da miya da nama da ganye. Akwai ɗan abin buɗe baki, sai primo, wato taliya ko shinkafa ko miyar wake, sai secondo, nama ko kifi. Naman nan shi kaɗai zai zo a faranti, ba dankali ba ganye, sai in ka nemi contorno daban ka biya daban. Ba dole ne ka ci duka ba, biyu sun isa. Taliyar mutum ɗaya ba ta wuce giram 80 zuwa 100 kafin a dafa, kuma ana sauke ta da ɗan tauri a tsakiya. Ba kuskure ba ne, kada a mayar da ita a ce ba ta nuna ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne gajartar takardar abincinsu. Gidan kirki ba ya wuce taliya biyar ko shida da nama huɗu, wani lokaci ma da alli aka rubuta a allo. Kuma abincin garin ne kawai. A birnin Rum har yau akwai gidajen da ke bin tsohuwar al'adar mako: Alhamis gnocchi, wato curin dankali da fulawa, Juma'a kifi, Asabar tumbi. Eh, tumbi dai da ka sani. A unguwar Testaccio, inda babbar mayankar birnin take har zuwa 1975, mahauta kan tafi gida da kayan ciki da bindi a matsayin wani ɓangare na ladansu, matansu kuma suka mayar da su abincin da yanzu baƙi ke zuwa nema daga ƙasashe. Bindin sa sai ya yi awa uku ko huɗu a wuta kaɗan-kaɗan da tumatir da seleri har naman ya saki ƙashi. Wanda ya san farfesun bindi da ragadada ba zai ji baƙunta ba.

A arewacin ƙasar kuma ga polenta, wadda ba komai ba ce illa tuwon masara: ruwa mudu huɗu, gari mudu ɗaya, a barbaɗa garin a tafasasshen ruwa ana juyawa don kada ya yi gudaji, a tuƙa minti arba'in da muciya. Suna kawo shi a faranti mai kyau, su faɗi kuɗinsa ba tare da sunkuyar da kai ba. Mu kuwa a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, da zarar an buɗe wurin cin abinci mai fanka da tebur, abin da zai cika takarda shi ne soyayyar shinkafa da kaza da shawarma. Dambu, fate, alkubus, sinasir, ɗanwake, miyar taushe, duk an bar su a rumfa da cikin gida, kamar ba su cancanci tebur ba. Wannan yana yi mini ciwo, domin aikin da ke cikin miyar taushe mai kyau bai gaza na kowace miyar taliya ba.

Dubi cacio e pepe, taliyar mutanen Rum. Kayanta uku ne: taliya, cukun tumaki da suke kira pecorino, da masoro. Ga mutum ɗaya, taliya giram 100, cuku wajen giram 50 a goge shi lukui. Ana dafa taliyar a ruwa kaɗan don ruwan ya yi kauri da sitaci, a rage gishiri tunda cukun da gishirinsa. Sai a ɗebi ruwan a bari ya ɗan huce, a dama cukun da shi kamar ana dama fura mai kauri, a sauke kaskon daga wuta kafin a haɗa. In kaskon ya yi zafi da yawa, cukun zai dunƙule ya yi danƙo, mai ya ware gefe, abinci ya lalace. Hannun da ya yi wannan sau dubu ne kaɗai ke sanin daidai lokacin, kamar yadda mai tuwo ke sanin talge ya isa ba tare da duba agogo ba. Wanda ke dafa abinci iri sittin ba zai taɓa samun wannan hannu ba.

Sai maganar da ta fi muhimmanci ga Musulmi, kuma a nan ba a wasa. Alade yana shiga abincin Italiya ta ƙofofin da ido ba ya gani. Taliyar carbonara da amatriciana da gricia duk da kumatun alade ake yin su, sunansa guanciale. Miyar nama ta Bolonya, wadda aka ajiye rubutaccen tsarinta a cibiyar 'yan kasuwar birnin a 1982, akwai pancetta a ciki, wato naman cikin alade, akwai kuma giya. Tortellini, wato ƙananan ƙullin taliya masu nama a ciki, da alade ake cusa su. Miyar wake ko ta ganye da kake gani kamar ba nama, sau da yawa an fara soya albasarta da ɗan alade ko an jefa fatarsa. Akwai kuma strutto, narkakken kitsen alade, da ake kwaɓa gurasar piadina da wasu burodi da shi, musamman a yankin Emiliya-Romanya. Giya kuwa ana zuba ta a shinkafar risotto tun farkon dahuwa, da naman da aka daɗe ana dafawa, da yawancin taliyar kayan teku. Kek ɗin babà na Napoli a barasa ake jiƙa shi, tiramisu ma wasu gidajen suna saka masa.

Kada ka dogara da jerin gargaɗin da ke ƙasan takarda. Dokar Tarayyar Turai ta tilasta bayyana abubuwa 14 masu tayar da borin jini, irin su gyaɗa da madara da ƙwai, amma alade da kitsensa ba sa ciki. Kuma cewa "ba na cin nama" ba ya wadatarwa, domin wasu ba sa lissafa ɗan yankan alade na ɗanɗano a matsayin nama. Ambaci sunayen ɗaya bayan ɗaya: maiale (alade), pancetta, guanciale, prosciutto (cinyar alade), strutto, sannan vino (giya). A nan ne gidan iyali ya fi babban gida nesa ba kusa ba, domin wanda kake tambaya ɗan mai girkin ne, zai leƙa kicin ya ce "Mamma" ya dawo maka da gaskiya. Naman sa da na rago ma ba yankan Musulmi ba ne in ba an rubuta ba, don haka mai kiyaye wannan ya tsaya kan kifi gasasshe, ko taliya da tumatir, ko mai tafarnuwa da man zaitun da barkono, ko taliyar Norma ta Sisili mai soyayyen gauta.

Wajen kuɗi akwai abubuwa biyu da ke jawo rigima. Na farko coperto, kuɗin zama da burodi, yawanci yuro ɗaya zuwa uku kan kowane mutum, kuma dole a rubuta shi a takarda. Na biyu kifi da babban yankan naman sa da ake sayarwa da awo. In ka ga an rubuta all'etto, farashin na giram 100 ne, ba na faranti ba. Kifi mai giram 600 kuɗinsa ninki shida ne na abin da ka karanta, don haka a tambayi nauyinsa kafin ya hau wuta. Alamar tauraro kusa da sunan abinci tana nufin daga firiza aka ciro shi. Ruwan sha ma na kwalba ne, na kuɗi, za a tambaye ka mai gas ko marar gas.

A nan kam namu ya fi. Mai tuwonmu ba ta karɓar kuɗin benci, ruwa yana randa kyauta, gyara tana nan, in miya ta ƙare kafin tuwo ka miƙa kwano a ƙara. Ba wanda zai kai loma baki bai ce wa na kusa da shi bismillah ba. A Italiya kowa da farantinsa, teburin maƙwabci wata ƙasa ce. Amma su ma suna da nasu karamcin: tebur naka ne har dare ya raba, ba mai kawo maka lissafi sai ka ce "il conto", kuma ba dole ka bar wa yaro wani abu ba, sai in ka ga dama ka bar canji. In miya ta rage a faranti, yanki burodi ka suɗe ta tas. Suna kiran wannan scarpetta, kuma in farantin ya koma kicin fes, mai girki takan leƙo ta ga wane tebur ne.